Daga Disney zuwa Ƙofar Kwaya: Wa ya ɗauki hoton wurin kafin a sauya shi?

Kwanakin baya ƙanena da ke karatu a Zariya ya turo min saƙo a WhatsApp: "Yaya, don Allah kana da hoton Ƙofar Kwaya kafin a yi gadar ƙasa?" Musu ne ya haɗa shi da wani abokinsa, yana so ya nuna masa yadda wurin yake a da. Na ce masa ya ba ni minti biyar. Sai da na shafe awa biyu ina bincike.

Tsohuwar wayata da ke ɗauke da hotunan shekarun nan ta mutu tuntuni, kuma ban taɓa kwafe su a ko'ina ba. Na tambaya a gurup ɗinmu na 'yan sakandare, mu fiye da arba'in, yawancinmu a nan muka tashi. Hotuna uku kacal aka samu, dukkansu fuskokinmu ne suka cika su, wurin kuwa yana can baya dishi-dishi. Hanyar da na bi kusan kullum tun ina yaro, ga shi ba ni da abin da zan nuna.

Ba kuka nake yi da gadar ba. Tun da aka buɗe ta tare da ta Ƙofar Ƙaura a farkon 2023, duk mai bin wurin da safe ya san an samu sauƙin cunkoso. Abin da ya dame ni shi ne kowannenmu yana yawo da kyamara a aljihu, amma tsohon fasalin wurin ya tafi ba mu riƙe komai ba. Wannan ne ya tuna min da wasu mutane da na daɗe ina kallon rigimarsu a intanet, wato masoya wuraren wasan Disney a Amurka.

Mutanen da ba sa yafe wa shugabannin Disney

A wuraren shaƙatawa na Disney akwai wani lilo mai suna Splash Mountain. Ana shiga wani kwale-kwale mai siffar gungumen icce, ya zagaya da mutum cikin dutse, a ƙarshe ya gangaro da shi daga tsayin kusan ƙafa 50, wato kwatankwacin tsayin hasumiyar Gobarau. An buɗe shi a Kalifoniya a 1989, a Fulorida kuma a 1992. Labarin da ke cikinsa an ɗauko shi ne daga wani fim na 1946 da aka daɗe ana suka saboda yadda ya nuna rayuwar baƙaƙen fata a kudancin Amurka. A watan Yunin 2020 kamfanin ya sanar cewa zai sauya shi. Na Fulorida ya rufe a Janairun 2023, na Kalifoniya a watan Mayu, a 2024 kuma aka buɗe sabo mai suna Tiana's Bayou Adventure.

Masoya sun rabu biyu. Wasu sun ce gyara ne da ya kamata a yi tuntuni, wasu sun ce an taɓa musu ƙuruciyarsu. Har ta kai wasu sun riƙa tallar ruwa a kwalba a eBay, suna cewa daga lilon suka ɗebo shi a ranar ƙarshe.

Abin da ya fi haɗa kansu wuri guda shi ne batun kuɗi. Tun 1999 akwai tsarin FastPass, wanda ke ba mutum damar kama layi tun da wuri ba tare da ƙarin ko sisi ba. A Oktoban 2021 aka maye gurbinsa da Genie+, wanda aka riƙa saye a cikin manhajar waya, a farko kan dala 15 ga kowane mutum a kowace rana a Fulorida. Ka biya kuɗin shiga, sannan ka sake biya don kada ka wuni a layi, ga ido kullum a kan waya. Fushin ya sauka a kan Bob Chapek, wanda ya zama shugaban kamfanin a Fabrairun 2020. Aka yi ta takardun koke a intanet ana neman a cire shi.

A Nuwamban 2022 aka sauke shi, Bob Iger ya dawo. Kada mai karatu ya ɗauka surutun masoya ne kaɗai ya yi aikin, domin hakan ya zo ne jim kaɗan bayan kamfanin ya sanar da babbar asara a ɓangaren fina-finansa na intanet. Amma dai a Janairun 2023 an dawo da ajiye mota kyauta ga masu kwana a otal-otal ɗin Disney na Fulorida, ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi ƙorafi a kai. Splash Mountain kuwa bai dawo ba.

Sai dai ga inda suka burge ni. Ka rubuta sunan lilon a YouTube yanzu, za ka hau shi daga farko har ƙarshe, daga kujerar gaba ko ta baya. Wani tsohon lilo mai suna Horizons ya rufe tun 1999, lokacin da babu wayar kyamara a hannun jama'a, amma saboda wasu sun yi ta shiga da kyamarar bidiyo suna ɗauka, daga baya aka samu masu sake gina shi a kwamfuta. Akwai ma tashar YouTube mai suna Defunctland da ta yi suna kan tarihin wuraren wasan da suka shuɗe. Suna faɗa da shugabanni, amma hannu ɗaya yana riƙe da kyamara.

Mu ma muna da tamu rigimar

Ba mu da Disney, amma wannan zafin ba baƙo ba ne a wurinmu. A watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shataletalen ƙofar gidan gwamnati, wanda aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50. Gwamnati ta ce tsayinsa yana tare gani kuma akwai batun tsaro, masu suka suka ce an zubar da dukiya da alamar gari. Facebook ya ɗauki zafi na kwanaki. Kafin nan, a 2010, an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Gidan Zoo na Audu Bako ma, inda yaran Kano da na garuruwan kusa ke zuwa yawon salla, ya sha muhawara lokacin da gwamnatin Ganduje ta kawo maganar ɗauke shi daga cikin gari.

Yadda abin ke gudana kusan iri ɗaya ne kullum. A wayi gari a ga katafila, a yi kwana uku ana zage-zage, rigimar ta koma ta 'yan jam'iyya, sai wani sabon labari ya fito a manta. Shataletalen Kano ya yi sa'a, sabo ne kuma an yi ta ɗaukar hoto a gabansa. To ragowar ganuwar Katsina fa, da damina ke ci kowace shekara, gine-gine kuma suna matsowa? Tsofaffin zaurukan cikin gari da ake rushewa a yi shaguna fa? Waɗannan ba sa tayar da ƙura a intanet, shiru suke tafiya.

Gari ba gidan tarihi ba ne, dole a yi titi, dole a yi gada. Kuma ba mu ne ke yanke hukunci ba. Amma ajiye kamannin wuri kafin a taɓa shi, wannan kam yana hannun duk mai waya.

Abin da wayarka za ta iya

Akwai fasahar da ke haɗa hotuna da yawa na abu ɗaya ta fitar da siffarsa mai fuska uku, wadda za ka iya juyawa ta kowane ɓangare a allo. Manhaja tana duba ɗigo-ɗigon da suka maimaitu a hotuna daban-daban, ta lissafa inda kyamara take a kowane ɗauka, daga nan ta gano nisa da zurfin abin. A 2015, bayan an farfasa kayan tarihi a gidan tarihin Mosul na Iraƙi, wasu ɗalibai sun tattara tsofaffin hotunan masu yawon buɗe ido suka sake gina wasu daga cikin kayan ta wannan hanya. A Faransa ma, lokacin da cocin Notre-Dame ya ƙone a Afrilun 2019, akwai ma'aunin ginin da wani malami, Andrew Tallon, ya ɗauka da na'urar lesa shekaru kafin gobarar.

Ba sai da iPhone ba. Manhajoji irin su KIRI Engine, Polycam da RealityScan suna aiki a Android. Na gwada da zauren gidan kakanmu, ga abin da na koya:

1. Ka zagaya abin a hankali, kana ɗauka a kowane taku. Kowane hoto ya ƙunshi wajen kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi. Ga ƙofa ko zaure, hoto 80 zuwa 150 ya wadatar.

2. Kada ka jawo hoto da yatsa. In kana son kusa, ka taka da ƙafa.

3. Ka guji tsakar rana, inuwa mai kaifi tana rikita lissafin. Sassafe ya fi, ranar hazo kuwa ta fi kowace rana.

4. Ginin ƙasa yana fitowa da kyau saboda yana da kaushi da zane. Gilashi da bango mai santsin fenti ne ke ba da wahala.

5. Yawancin manhajojin suna tura hotunan intanet ne a sarrafa su can, don haka ka tanadi data ko ka jira garaɓasar dare. Mai kwamfuta da katin Nvidia zai iya amfani da Meshroom kyauta.

In wannan ya yi maka nisa, bidiyo na minti biyu kana tafiya a titinku ma aiki ne. Ka faɗi kwanan wata da sunan wurin da bakinka a farkonsa. Manhajar Mapillary tana karɓar hotunan titi daga kowa ta jera su a kan taswira. Google Earth kuma yana da tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, ka matsa shekara baya ka ga unguwarku daga sama. Da shi na lallashi ƙanena, ko da yake daga sama ba a ganin mai shayi ko teburin mai caji.

Inda za ka ajiye

Nan ne na yi kuskure. Hoton da ke waya ɗaya tamkar babu shi ne. WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa, don haka in za ka tura, tura shi a matsayin fayil. Google yana ba da 15GB kyauta, amma tun ƙarshen 2023 yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a buɗe ba. Ga hotunan wuraren tarihi, Wikimedia Commons ya fi: kyauta ne, kowa zai iya samu, kuma daga nan masu rubutu a Wikipedia ta Hausa ke ɗaukar hoto. Suna ma da gasar hotunan wuraren tarihi duk shekara mai suna Wiki Loves Monuments. Ka sa suna mai ma'ana, misali "Ƙofar Guga daga gabas" da shekarar, ba lambobin da kyamara ke sawa ba.

A kula da ladabi da tsaro. Gidan mutane sai da izinin maigida, cikin unguwa kuma gara ka gaisa da mai unguwa tukuna. Kada ka ɗauki fuskar mata da yara, kada ka nufi shingen jami'an tsaro da kyamara. Ku je ku biyu, ɗaya yana ɗauka ɗaya yana lura da ababen hawa da masu ƙwacen waya. In ka samu dattijon da ya san wurin, ka roƙe shi ka naɗi muryarsa, domin abin da ke kansa babu manhajar da za ta lissafo shi.

Ni dai na fara da Ƙofar Kwaya ta yau, da gadarta da komai, domin ita ma wata rana tsohon fasali za ta zama. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan nufi Ƙofar Yanɗaka. Duk wanda ke da tsohon hoton Ƙofar Kwaya ko Ƙofar Ƙaura kafin aikin gada, ko da a album ɗin gidansu ne, ya ɗauke shi da waya ya ɗora a Wikimedia Commons da sunan ƙofar. Ƙanena har yanzu yana jira.