Kafin ka ɗau hanyar gida da Sienna, karanta rubutun da ke jikin tayarka

Ana saura kwana uku Babbar Sallar 2023 na tashi daga Agege da asuba, ni da iyalina a cikin Sienna, mun nufi Kano. Mu bakwai ne a motar, ga buhun gari, ga jarkokin manja, ga tsarabar 'yan'uwa har kan rufi. Mun haye gadar Jebba lafiya, rana ta take, ba mu kai Mokwa ba sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, bayan motar ya shiga rawa. Allah ya taimake ni ban danna birki ba. Na ƙanƙame sitiyari na bar ta ta rage gudu da kanta har muka gangara gefen titi. Tayar baya ta dama ce ta yi kaca-kaca.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ko wata ɗaya tayar nan ba ta yi a motar ba. Tokumbo ce, na saye ta a wani shago don na ga zanenta raɗau kamar sabuwa. Da muka lallaɓa da safaya zuwa wurin wani dattijo mai faci, sai ya juya ragowar tayar, ya ɗora yatsa a kan wasu lambobi ya ce, "Alhaji, wannan ai ta girmi yaron nan naka." Ɗana lokacin shekararsa 9. Na ce, "Baba, yaya aka yi ka sani?" Ya ce, "Ga haihuwarta nan a rubuce a jikinta."

Tun daga ranar na daina sayen taya da kallon zane kawai. Da yawanmu mazauna Kudu da Sienna ko Sharan muke zuwa gida, wasu ma da ita suke neman abinci, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na koya.

A gefen kowace taya akwai layin da ya fara da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshensa su ne shekarunta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tawa 1812 aka rubuta, wato mako na 18 na shekarar 2012, ka ga shekararta 11 ke nan. Roba tana bushewa ta tsattsage ko da ba a hau ta ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta sha faɗa cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka ƙera ta. Kamfanin Michelin kuma ya ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ta komai kyanta. Ko da wanne ka auna, tawa ta daɗe da wuce lokacinta. Ban da haka, tayar da aka riga aka yi amfani da ita tana cikin kayan da gwamnati ta hana shigowa da su ƙasar nan. In ka ga an kankare wurin lambobin nan ko an taɓa su, ajiye ta ka yi gaba.

Sai maganar girma. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ka ga wata 'yar takarda da kamfani ya manna, ta faɗi girman tayar motar, yawan iskarta, da iyakar nauyin da za ta ɗauka. Yawancin Sienna ƙirar 2004 zuwa 2010 suna zuwa da 215/65R16. Lambar 215 faɗin tayar ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne in an kwatanta da faɗin, 16 kuma girman wili ne a inci. Bayan su akwai wata lamba da harafi, kamar 96T, kuma nan ne mutane ba sa dubawa. Lambar 96 tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 710, 98 kuma kilo 750. Tayar Camry mai 215/60R16 94 za ta zauna a wilin Sienna daram, mai shago ma zai ce maka ai duk ɗaya ne, amma kilo 670 take ɗauka. Motar da ita kanta ta kusa tan 2, ka zuba mata mutum bakwai da buhuna, kuma mafi yawan lodin a kan tayoyin baya yake sauka. Kada ka yi ƙasa da lambar da kamfani ya sa.

Akwai kuma tayar sanyi. In ka ga hoton dutse mai ƙololuwa uku da ƙanƙara a tsakiyarsa, don lokacin hunturun Turai da Amurka aka yi ta. Robarta laushi gare ta, kwaltarmu mai zafi cinye ta take yi nan da nan. Duba kuma inda aka rubuta TEMPERATURE, za ka ga A, B ko C. Mai A ta fi jure zafi.

Iska ita ce abin da muka fi yi wa sakaci. Takardar ƙofar Sienna tawa 35 ta ce. Lambar 44 ko 51 da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba ita ake bi ba, amma sau nawa na tsaya wurin mai faci ya ɗura mini 50 yana cewa ai akwai lodi. Iska in ta yi yawa tsakiyar tayar ne ke suɗewa, kuma rami ɗaya ya isa ya fasa ta. In ta yi kaɗan gefen tayar yana lanƙwashewa duk juyi, ta ɗau zafi har wayoyin ciki su saki. Sayi geji naka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin mota ta motsa. In ka auna a tsakiyar tafiya ka ga ta ƙaru, kada ka rage, zafi ne ya ɗaga ta.

Mu da ke zaune Legas, Fatakwal ko Benin mun san ruwan nan. Zanen taya shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta, suɗaɗɗiya kuwa yawo take a kan ruwa, birki da sitiyari su daina jin magana. A cikin ramukan zanen akwai wasu 'yan tudu da suka gitta. Ranar da zanen ya yi daidai da su, saura milimita 1.6, tayar ta gama aiki. In biyu kawai kuɗinka ya isa ka saya, sa sababbin a baya, don in baya ya zame a jiƙaƙƙen titi da wuya direba ya dawo da motar. Sienna da gaba take ja, tayoyin gaba sun fi saurin cinyewa, don haka a riƙa sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. In gefe ɗaya kawai ke cinyewa ko mota tana ja gefe, a je a yi alaimen. In sitiyari na karkarwa a kan gudu, balansin take so. Ƙulun da ya fito a gefen taya kuwa ba ya faci, wayoyin ciki ne suka tsinke, sai canji.

Wili ma yana da nasa. Ramin da ruwa ya rufe shi ke lanƙwasa baki, sai ka ga taya tana saki a hankali ba ƙusa ba komai. Na ƙarfe yana gyaruwa, na aloyi kuwa in ya tsage aka yi masa walda, ni dai ba na ɗora iyalina a kansa. Manyan wili masu siririyar taya kyau ne a ido, amma ba su da gefen da zai shanye dukan ramukanmu. Wajen ɗaure noti, a bi su a gicciye, kada a bar yaro ya zura bututu a sifana ya hau yana tsalle, don haka ake karya kusoshi. Bayan ka yi kamar kilomita 50, tsaya ka sake taɓa su.

Na ƙarshe ita ce safaya. A irin Sienna tawa a ƙarƙashin mota take rataye da waya, shi ya sa ake mantawa da ita. A 2010 kamfanin Toyota ya kira Sienna masu yawa a Amurka don gyara, saboda gishirin da ake zuba wa titi lokacin sanyi yana cinye wayar nan, kuma motocinmu da dama daga can suka fito. Sauke ta ka duba wayar, ka auna iskarta, ka karanta shekarunta. Ka tabbata jak da sifana suna ciki.

Yanzu duk tafiyar da zan yi, tun ana saura mako nake zagaya motar da geji da tocila, taya biyar ɗin duka. Minti 15 yake ɗaukata. Wanda ke shirin tafiya gida bana, ya fita yau ya duba lambobi huɗun nan tun kafin a fara ɗaure kaya. Allah ya kai mu lafiya.