Cinikin Data A Wayar Hannu

Kowa ya san mudu. In ka je kasuwa sayen gero, mai awo zai cika mudu a gabanka, ka gani da idonka, ka biya, ka tafi. In ya tauye maka awo, nan take za ka yi magana, mutane su taru su shaida. To, akwai wani ciniki da ya shigo ƙauyuka yanzu wanda ba a ganin mudunsa da ido. Shi ne cinikin data a wayar hannu.

Wayar hannu irin wadda mu ke riƙewa ta fara aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001. Da fari magana a ke yi da ita, sai kuwa aika gajeren saƙo. Yau ga shi manomi yana jin farashin hatsi ta WhatsApp, uwa tana ganin fuskar ɗanta da ke ci-rani a Legas. Duk wannan da data a ke yinsa. Data ita ce abincin da waya ta ke ci in za ta shiga intanet. Ita ma tana da ma'auni. Ƙaramin sunansa megabait, ana rubuta shi MB. Babban sunansa gigabait, ana rubuta shi GB. Megabait wajen 1,000 su ne gigabait 1. Ku rubuta waɗannan haruffa a littafinku, don kullum za ku riƙa ganinsu cikin saƙon kamfani.

In ka danna *312# kamfanin layinka zai jera maka irin datar da ya ke sayarwa. Tun 2023 wannan lamba ɗaya ce a kan MTN da Airtel da Glo da sauransu. Kada ka yi garaje. Kowane layi na jerin nan yana faɗa maka yawan datar, da kuɗinta, da kwanakin da za ta yi. Sa'ad da ka danna 1 don amincewa, daidai ya ke da ka dangwala babban yatsanka a takardar yarjejeniya. Daga nan duk sharaɗin da ke ciki ya hau kanka, ko ka karanta ko ba ka karanta ba.

Sharaɗi na farko shi ne wa'adi. Geron da ka saya naka ne har ranar da ya ƙare a rumbu. Data ba haka ta ke ba. Akwai ta kwana 1, akwai ta kwana 7, akwai ta kwana 30. In wa'adin ya cika, ƙofa ta rufe, ko da rabinta ba ka ci ba. Mutane sun daɗe suna kuka a kan wannan. Saboda haka a 2018 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda a ke kira NCC, ta umurci kamfanoni su riƙa haɗa wa mutum ragowarsa da sabuwar da ya saya. Amma sai ka sabunta da wuri, cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade. Wanda ya yi jinkiri ya rasa. A shekarar nan kuma hukumar ta hana kamfani ya sabunta wa mutum data da kansa, ya cire kuɗi ba da yardar mai layi ba.

Akwai kuma gyara. Kamfani ya kan ce in ka sayi kaza zai ƙara maka kaza kyauta. Duba da kyau. Wata gyarar da tsakar dare kaɗai ta ke aiki, sa'ad da kai kana barci. Wata kuwa ba ta buɗe kome sai Facebook ko YouTube. Ba laifi ba ne a karɓi gyara, amma kada ka lissafa ta cikin awo.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi jawo rigima. Wani lokaci za ka ga talla an rubuta kalmar Turanci Unlimited, watau mara iyaka. Ka biya kuɗin wata, a ce ka sha iyakar shanka. Kwana goma abin yana gudu kamar ruwan famfo. Rana ɗaya sai ka ga hoto ya ƙi buɗewa, bidiyo yana tsayawa yana tafiya. Wayarka ba ta lalace ba. Ka kai wani ma'auni ne da aka ɓoye a ƙasan tallar da ƙananan haruffa. Sunansa sharaɗin amfani bisa adalci, ana taƙaita shi da haruffa uku, FUP.

Ga yadda abin ya ke. Ƙarfen sabis ɗin nan da ke bakin gari kamar rijiya ɗaya ce ta unguwa. Abin da zai iya ɗauka a lokaci ɗaya yana da iyaka, kuma duk wayoyin da ke kewaye daga gare shi su ke sha. In mutum ɗaya ya zo da tanki ya kafa a bakin rijiya tun safe har dare, masu tulu ba za su sami ruwa ba. Don haka kamfani ya kan sa ƙa'ida. A ce misali an rubuta gigabait 100. Kafin ka kai nan, gudu sosai za ka samu. In ka wuce, ba za a yanke ka ba, amma za a rage maka gudu ƙwarai har wata ya ƙare. Watau an karɓe maka guga an ba ka ludayi. Rijiyar tana nan, ba wanda ya hana ka ɗiba, sai dai tulunka ba zai cika ba kafin magariba.

A ganina rabon ruwa ba zalunci ba ne, ko a ƙauye ana yinsa da rani. Inda laifi ya ke shi ne a rubuta "mara iyaka" da manyan baƙaƙe, a kai iyakar can ƙasa inda sai mai tabarau zai gani. Ba mu kaɗai ke faɗin haka ba. A ƙasar Amurka ma an yi shari'a a kan wannan. Wani babban kamfanin waya mai suna AT&T ya sayar wa mutane data mara iyaka, sa'an nan daga 2011 ya shiga rage musu gudu, waɗansu tun suna kan gigabait 2. Hukumar ciniki ta ƙasar ta kai shi kotu a 2014, ta ce bai bayyana wa masu saye wannan sharaɗi sosai ba. A 2019 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 60 a mayar wa mutane. Saboda haka in mai talla ya ce maka mara iyaka ce, tambaye shi: a gigabait nawa a ke rage gudu? In ya ce bai sani ba, kada ka fid da kuɗinka tukuna.

Amma fa ba kullum ne laifin ke wurin kamfani ba. Sau da yawa ɓeran yana cikin ɗaka. Rubutaccen saƙo ba ya cin kome, ko ka aika ɗari. Hoto ya fi shi ci. Bidiyo kuwa shi ne kura: awa ɗaya ta kallon bidiyo mai tsabtar hoto tana iya cinye gigabait 1 ko fiye. Facebook ya kan kunna bidiyo da kansa kana wucewa. In kana cikin zauren WhatsApp na 'yan garinku, duk abin da aka turo waya tana iya saukewa ba ka taɓa ba. Ita kanta wayar ta kan sabunta manhajojinta da dare. Ga yara kuma, in sun san lambar sirrin jona wayarsu da taka, sai ka wayi gari ba kome. Duk waɗannan ana iya kashe su a cikin saitin waya. Nemi wanda ya iya ya nuna maka sau ɗaya. Tun da hukuma ta yarda a ƙara kuɗin waya da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan ɗan aiki ya cancanci a yi shi.

Ka saba da duba awonka. Danna *323# ka ga datar da ta rage, danna *310# ka ga kuɗin katinka. Duba da safe, duba da dare, ka rubuta a littafi har kwana uku. In ka ga ana zare maka naira kaɗan kaɗan kullum saboda waƙar kira ko labarin ƙwallo da ba ka nema ba, *305# ita ce lambar tsayar da su. A waɗansu layuka kuma in data ta ƙare ba ka kashe ta ba, waya ta kan koma cin kuɗin kati, da tsada.

To, in ka duba ka tabbata an tauye ka, me za ka yi? Kada ka je ka kama yaron da ke sayar da kati a tasha. Shi dillali ne, ba shi ya sa sharaɗi ba, ba ya kuwa iya mayar maka da ko kwabo. Kada kuma ka goge saƙon da kamfani ya aiko ranar da ka saya, shi ne rasiɗinka. Kira 300, ita ce lambar ofishin sauraron masu layi na kamfaninka. Nemi a haɗa ka da mai jin Hausa. Faɗa masa ranar da ka saya, da nawa ka biya, da abin da ya faru, ba tare da zagi ba. Kafin ka kashe, ka ce ya ba ka lambar ƙorafinka. Rubuta ta, ka rubuta ranar.

In kwanaki sun wuce ba a gyara ba, ko amsar da aka ba ka ba ta gamshe ka ba, sai ka ɗaukaka ƙara. Kira 622. Wannan lambar NCC ce, kiranta kyauta ne. Hukumar ce ta ba kamfanonin lasisi, tana kuwa da ikon cin su tara bisa dokar sadarwa ta 2003. Babban ofishinta yana Abuja, tana da reshe a Kano. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka kai kuka wurin kamfanin tukuna. Sai ka buɗe littafinka, ka karanta musu lambar ƙorafin da ranar da aka ba ka ita.