Tsatsa: Ciwon da ke Cin Tsofaffin Motoci a Ɓoye

Duk wanda ya tsaya a tashar mota ta Kankiya, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, zai ga irin motocin da ke jigilar mutane da kaya zuwa Kusada da ƙauyukan da ke kewaye. Akasarinsu sun kwana biyu. Wasu ragowar Peugeot ne, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wasu kuwa an shigo da su ne bayan sun gama aiki a Turai. Direbobi kan kula da inji da taya, amma su manta da tsatsa, alhali kuwa ita ce ke cin jikin motar a hankali har ya ruɓe.

Mece ce tsatsa?

Ba a samun baƙin ƙarfe tsantsarsa a cikin ƙasa. Yana haɗe ne da iskar oksijin a cikin tama, dutsen nan da kakanninmu ke narkarwa su fitar da ƙarfe. Saboda haka tsatsa ba wani abu ba ce illa ƙarfe da ke komawa asalinsa. Irin wannan haɗin ne ma ya ba jar ƙasa da marmara launinsu.

Sai abubuwa uku sun haɗu kafin tsatsa ta samu: ƙarfe, da ruwa, da oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Gishiri da asid suna ƙara mata sauri, domin suna sauƙaƙa tafiyar lantarki a cikin ruwan da ke kwance kan ƙarfen. Tsatsa kuma ba ta toshe fuskar ƙarfe. Garas-garas take, tana riƙe laima, tana kumbura ta ɗaga fenti, ruwa ya ƙara samun ƙofa.

Ta ina take shiga?

Mai karatu zai ce ai ƙasarmu busasshiya ce. Haka ne, da rani tsatsa kan lafa. Sai dai ƙura da tsakuwa na kankare fenti, su share mata fage. Da damina ta sauka, daga Yuni zuwa Satumba, taɓon hanyoyin ƙauye kan manne a ƙarƙashin mota da saman tayoyi, ya yi kwanaki bai bushe ba. Ruwan da ya yoyo ta gilashi kan kwanta ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa. Ga kuma buhunan takin zamani da na gishiri, da fitsarin dabbobin da ake kai wa kasuwa, da ruwan batir da ke tsiyaya. Motocin Turai kuwa, da yawansu da cutar suke zuwa, domin a can ana watsa gishiri a kan hanya lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara.

Yadda ake magance ta

Idan tsatsar a sama take, sai a kankare ta da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a goge wurin ya bushe, a shafa jan fentin nan na kariya, sannan a bi da fentin mota. Idan ta huda ƙarfen, dole mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya liƙa sabon faranti, a fente shi ciki da waje. Cike rami da ƙullin gyaran jikin mota ba tare da an cire tsatsar ba ɗinki ne a kan ƙurji: sama ya yi kyau, ƙasa na ci gaba da ruɓa. In kuwa ta kama ƙashin bayan motar, ko bututun man birki, ko tankin mai, magana ta zama ta rai. Bututun da ya ci zai iya fashewa a daidai lokacin da direba ya taka birki da mota cike da fasinja.

Rigakafi ya fi magani. A riƙa wanke ƙarƙashin mota da damina, a buɗe 'yan ramukan da ke ƙasan ƙofofi don ruwa ya fita, a shimfiɗa leda kafin a ɗora taki ko dabbobi.

Gwaji don ɗalibai

A samo kwalabe huɗu da ƙusoshi huɗu, a goge su da samfefa. A sa ta farko a busasshiyar kwalba a rufe, ta biyu a ruwan rijiya, ta uku a ruwan gishiri. Ta huɗu a nutsar da ita a tafasasshen ruwa, a zuba man gyaɗa a kai don ya tare iska. A duba kullum har mako guda, a rubuta wadda ta fara ja da wadda ba ta canza ba, sannan a bayyana dalili.