Leɓen yaro ya yi baƙi: iska ce ko ƙarancin oksijin?

Idan leɓen jariri ya yi baƙi ko ya koma launin toka, a gidaje da yawa sai a ce iska ce ta taɓa shi, ko baki ne ya kama shi. Nan da nan a rufe ɗaki, a zuba garwashi a kasko, a hau yi masa turare. Wannan zance ba shi da tushe, kuma hayaƙin ƙara toshe masa numfashi yake yi. Jini mai isasshiyar oksijin ja ne jawur. Idan ta yi ƙaranci sai ya yi duhu, duhun ya bayyana inda fata ba ta da kauri. Nimoniya ce kan gaba wajen jawo wa yaranmu haka, sai asma, da abin da ya maƙale a maƙogwaro, da ciwon zuciyar da ake haifar wasu da shi.

Littattafan likitanci suna cewa fata tana yin shuɗi, amma a jikin Bature ake ganin haka da sauƙi. Uwar da ta tsaya jiran baƙar fata ta koma shuɗiya ta makara. Ki fito da yaron haske, ki buɗe bakinsa, ki duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Farce ma yana nunawa, in ba lalle ya rufe shi ba.

Gaskiya ne tafin hannu da na ƙafar sabon jariri kan yi duhu a kwana ɗaya ko biyu na farko, ko in sanyin hunturu ya buge shi, kuma ɗumi yana dawo da su daidai. Harshe kam ba ya cikin wannan uzuri. In ya yi duhu, sai asibiti.

Ƙaryar da ta fi tayar min da hankali ita ce: "Ai launinsa bai canza ba, da sauƙi." Kafin duhun ya fito fili, sai himoglobin (sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini) da ya rasa oksijin ya kai kusan giram 5 a kowace desilita ta jini. Yaron da maleriya ko sikila ta ƙarar wa jini yana iya galabaita bai yi duhu ba, sai dai cikin idonsa ya yi fari fat. Haka wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki: launinsa ba ya tona asirin gubar.

Don haka a ƙirga numfashi na minti ɗaya. Sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi yawa, balle in ƙasan ƙirjinsa na lotsawa. 'Yar na'urar nan ta auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, in ta nuna ƙasa da 90, yaro na buƙatar oksijin. Ita ma wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna takan ƙara wa masu baƙar fata lamba fiye da yadda jininsu yake, don haka ko ta nuna 93, in yaro na haki, kada a sallame shi ba a duba ƙirjinsa ba.