Kafin Wuƙa Ta Taɓa Fata: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Kuskure a Asibiti

A watan Maris na 2005 wata mata mai shekara 37, uwar yara biyu, ta shiga wani asibiti a Ingila da ƙafarta don a yi mata ɗan ƙaramin aiki a hanci. Ban da wannan lafiyarta ƙalau. Aka yi mata allurar barci, aka zo saka bututun da zai kai mata iska huhu, bututu ya ƙi shiga. Hakan yakan faru, kuma kowane likitan sa barci ya san ƙa'idarsa: in bututu ya ƙi, iska kuma ba ta isa, ba a ɓata lokaci, sai a huda maƙogwaro daga waje a ba da iska ta nan. Manyan likitoci uku ne a kanta, biyu na sa barci, ɗaya na kunne da hanci da maƙogwaro, duk sun daɗe a aikin. Suka duƙufa a kan bututun nan, a zare a sake, a zare a sake. Iskar da ke jininta ta faɗo zuwa kashi 40 cikin 100, alhali ta mai lafiya tana sama da 90, ta kuma zauna a ƙasa wajen minti 20. Hankalinsu duka ya tafi ga bututun, lokaci yana wucewa ba su ankara ba.

Nas-nas ɗin da ke wurin sun gane inda aka dosa. Ɗaya ta ruga ta ɗauko kayan huda maƙogwaro, ta shigo ta ce ga su nan, ba wanda ya tanka mata. Wata ta buga waya ta kama gado a ɗakin kulawa ta musamman, ta dawo ta faɗa, aka yi mata kallon mai wuce gona da iri, ta koma ta soke. Matar ba ta sake farfaɗowa ba. Ta rasu bayan kwana 13.

Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. A sana'arsu in haɗari ya faru bincike ake yi don a gano ta ina aka kuskure, shi ma abin da ya nema ke nan, bai nemi a hukunta kowa ba. Binciken ya nuna ilimi yana ɗakin, kayan aiki suna ɗakin, har wadda ta san abin da ya dace tana ɗakin, maganarta ce ba ta samu shiga ba. A 2007 ya kafa ƙungiyar da ke koya wa ma'aikatan lafiya darasin wannan rana, kuma har gobe ana nuna labarin matarsa a ajujuwan horar da likitoci da nas-nas.

Mu da muke kai 'yan'uwa asibiti, in abu ya ɓaci mukan ɗora shi a kan ɗayan biyu: ko dai likitan bai iya ba, ko kuma babu kayan aiki. Dukansu suna faruwa. Amma akwai na uku, wanda ya fi su ɓoyuwa: ƙwararrun mutane sun taru a kan majinyaci ɗaya, kowa yana riƙe da wani yanki na labarinsa, ba a haɗa yankunan wuri guda ba. A 1999 wani rahoto na Cibiyar Likitanci ta Amurka ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa kowace shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko a ƙasashe masu arziki, kusan majinyaci ɗaya cikin goma yana cutuwa a yayin da ake yi masa magani, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kuwa rashin ingancin kulawa a asibiti yana da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6 duk shekara. Shi ya sa tun 2019 aka ware 17 ga Satumba a matsayin ranar kare lafiyar majinyata ta duniya.

Maganin da aka fi gwadawa daga matuƙa jirgin sama aka aro shi. A ranar 30 ga Oktoba 1935 wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing ya faɗi a wajen gwaji a Amurka, saboda ƙwararren matuƙinsa ya manta bai kwance wani makulli ba kafin tashi. Abokan aikinsa suka ga ƙarin horo ba zai hana mantuwa ba, sai suka rubuta 'yar takarda mai jerin abubuwan da dole a duba a tabbatar kafin a tashi. Ita ce takardar tantancewa.

A 2001 wani likita a asibitin Johns Hopkins, Peter Pronovost, ya kawo ta ɗakin kulawa ta musamman. Akwai siririn bututu da ake zura wa mai tsananin ciwo ta babbar jijiya, kuma ƙwayar cuta takan bi shi ta shiga jini. Matakan kariya biyar ne kacal: wanke hannu, goge fatar da maganin kashe ƙwayoyin cuta, lulluɓe majinyaci da tsabtataccen ƙyalle, sa hula da takunkumi da riga da safar hannu, sannan rufe wurin da bandeji mai tsabta. Ba likitan da bai san su ba. Amma da aka sa nas-nas suka sa ido na wata guda, sai aka ga a fiye da kashi ɗaya cikin uku na majinyata ana tsallake aƙalla mataki ɗaya. Abin da Pronovost ya yi bayan nan shi ne ƙashin bayan lamarin: ya sa shugabannin asibiti suka ba nas izinin dakatar da likita, komai girmansa, in ta ga ya tsallake mataki, suka kuma yi alkawarin tsaya mata. Da aka faɗaɗa tsarin zuwa ɗakunan kulawa ta musamman 103 a jihar Mishigan, kamuwa da cuta ta wannan bututu ya ragu da kashi 66 cikin 100, kuma bayan wata 18 bai koma ba.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tata takardar ta ɗakin tiyata, a ƙarƙashin jagorancin likitan tiyata Atul Gawande. Shafi ɗaya ce, tambayoyi 19, kuma sau uku ake tsayawa a karanta ta da baki, kowa yana ji.

Tsayawar farko kafin a sa majinyaci barci ne, yana ji yana gani. A tambaye shi sunansa, da aikin da ya zo a yi masa, da wane gefe ne, da ko ya amince. A duba ko an yi alama a wurin, ko akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa, ko numfashinsa zai ba da wahala, ko ana tsoron ya zubar da jinin da ya wuce rabin lita, in haka ne kuma ko an tanadi jini. A tabbatar 'yar na'urar nan da ake maƙala wa a yatsa don auna iskar jini tana aiki. Ta uku tana zuwa kafin a fitar da shi: nas ta ƙirga almakashi da allurai da ƙyallayen tsane jini ta tabbatar ba a bar ko ɗaya a ciki ba, ta karanta sunan da aka rubuta a kan tsokar da za a kai gwaji, a kuma faɗi abin da za a lura da shi a wajen farfaɗowa.

Ta tsakiya ce ta fi ɗaukar hankalina. Majinyaci ya yi barci, an lulluɓe shi, likita ya sa safar hannu, wuƙa tana kan faranti. Sai kowa ya dakata. Kowane mutum a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa, daga babban likita har ɗalibar nas da ta fara jiya. A sake faɗin sunan majinyaci da inda za a yanka. A tambaya ko an yi masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce. Likitan tiyata ya faɗi inda yake jin aikin zai iya rikicewa, mai sa barci ya faɗi nasa, nas ta faɗi ko kayan sun dahu yadda ya kamata. Faɗin suna kamar wasa ne, amma hikimarsa a fili take: wanda ya buɗe baki sau ɗaya aka saurare shi, zai fi samun ƙarfin halin sake buɗewa lokacin da ya hango ɓarna. Kuma "Sista Hauwa, miƙo jini" ya fi "wani ya miƙo jini" saurin kawo jini.

An gwada takardar a asibitoci takwas: a Landan, Toronto, Siyatul, Oklan, Amman, Niyu Delhi, Manila, da wani asibitin karkara a garin Ifakara na Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a Janairun 2009 ya nuna mutuwa bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Ba a ƙara likita ko ɗaya ba. Da aka tambayi ma'aikatan da suka yi amfani da ita, wasu ba su ga amfaninta ba, amma da aka ce in su za a yi wa tiyata fa, kashi 93 cikin 100 suka ce a karanta musu.

Sai dai kada a ɗauka laya ce. Lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta wa asibitocinsa takardar, binciken da aka buga a 2014 a kan asibitoci 101 kuwa bai ga wani ragin mutuwa na a-zo-a-gani ba. Masana da dama sun danganta hakan da yadda aka saukar da ita daga sama ba tare da horo ba, ta zama aikin cike gurbi. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya ma an gwada irinta ta ɗakin haihuwa. Ungozomomi sun ƙara kiyaye matakai, amma sakamakon 2017 ya nuna mutuwar uwa da jariri ba ta ragu ba. Takarda za ta tuna maka ka tanadi jini, ba za ta kawo jinin ba in ma'ajiya babu kowa, ba kuma za ta kawo motar da za ta kai mai naƙuda babban asibiti ba. Duk shugaban asibitin da ya manna ta a bango ya bar nas tana tsoron likita, ya yi asarar takarda ne kawai.

A nan ne abin ya shafe mu kai-tsaye. An yi mana tarbiyyar kada yaro ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A gefen gadon mara lafiya kuwa kunyar nan tana iya cin rai. Babban likita ne ya kamata ya fara karya ta, ya ce da bakinsa duk wanda ya ga wani abu ya faɗa, ya kuma gode wa wanda ya faɗa ko da ya zamana ba daidai ya gani ba. In ya harari nas sau ɗaya, ta yi shiru ke nan har ta bar aiki.

Wani wurin da labari ke zubewa shi ne lokacin canjin ma'aikata. Masu aikin dare sun gaji suna son tafiya, na safe sun shigo, a tsakanin nan sai a manta a ce mai gado na huɗu an riga an yi mata allurar, ko kuwa jininta yana ta sauka tun asuba. Wani bincike a asibitocin yara tara na Amurka da Kanada, wanda aka buga a 2014, ya nuna tsara yadda ake miƙa aiki kawai ya rage kurakurai da kashi 23 cikin 100, cutarwar da za a iya kauce mata kuma da kashi 30. Tsarin ba wuya: a faɗi tsananin ciwon, da taƙaitaccen labarin majinyaci, da abin da ya rage a yi, da abin da za a yi in jiki ya rikice, sannan mai karɓa ya maimaita abin da ya ji da bakinsa.

A asibitocinmu akwai mutum ɗaya da ba ya canjin aiki: mai jinya. Ita ce ke kwana a tabarma ƙarƙashin gado, ita ke sayo magani, ita ta ga likitan jiya da na yau. Ba wanda ya kai ta riƙe labarin majinyaci tun daga farkonsa, amma sau da yawa takan ja bakinta don kada a ce ta yi wa ma'aikata katsalandan. Idan jinya ta kama ku, ku riƙe dukan takardu da kwalayen magani a leda ɗaya, har da na gargajiya da aka sha a gida, ku faɗe shi ba tare da ɓoyewa ba, don wani yana tsinka jini, wani yana karo da maganin asibiti. Ku faɗi maganin da ya taɓa sa wa majinyacin ƙaiƙayi ko kumburi tun ba a tambaya ba. A ɗakin mata ɗaya za a iya samun A'isha uku, don haka in an zo da allura ko ledar jini ba laifi ba ne ki ce, "Sista, don Allah duba sunan, tamu A'isha Musa ce, wannan na mene ne?" Nas ta gari ba za ta ji haushi ba, aikinta kika taya ta. In za a yi aiki a ido ko ƙafa ko ƙoda, majinyaci ya nuna gefen da hannunsa, ya ga an yi alama. Kuma in ana ta tambayarsa sunansa sau uku sau huɗu kada ya ƙosa, alama ce ta cewa ana bin ƙa'ida.

In kun ga jikin ya sauya, numfashi ya ƙaru, ko ya fara sambatu, ko fitsari ya ɗauke, ku faɗa nan take, in ba a zo ba ku sake faɗa, ku nemi shugabar ɗakin. Ranar sallama kuma kada ku ɗauki kaya sai an gaya muku yadda za a sha kowane magani, da ranar dawowa, da alamun da in an gan su za a juyo asibiti ko da tsakar dare ne. Ku maimaita wa nas abin da kuka ji, ta gyara muku in kun kuskure, kafin ku fita ƙofa.