Idan asirin babban mutum ya tonu

Abin da manyan mutane suka fi yi idan abin kunya ya same su shi ne musu. Daga nan sai barazanar kai ƙara kotu, sai a ɗora laifin a kan maƙiya. Neman afuwa yakan zo ne a ƙarshe, bayan hujja ta fi ƙarfinsu.

Mu duba abin da ya faru da Salisu Buhari, ɗan Kano da ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a 1999. Mujallar TheNews ta fallasa cewa bai yi karatu a Jami'ar Toronto ta Kanada ba kamar yadda ya faɗa, kuma ya ƙara wa kansa shekaru don ya cancanci tsayawa takara. Da farko ya musanta. Da jami'ar ta ce ba ta san shi ba, sai ya sauka a watan Yuli, ya nemi gafarar 'yan Najeriya yana hawaye. Kotu ta same shi da laifi, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa.

Haka Bill Clinton na Amurka ya yi a 1998: ya musanta alaƙa da Monica Lewinsky a Janairu, ya amsa a Agusta.

A ganina, ƙaryar da ake yi don rufe laifi ta fi laifin zubar da mutunci, domin jama'a sukan yafe kuskure, amma su daɗe suna tuna wanda ya raina musu hankali. Har yau, in aka ce “Toronto” a siyasar Najeriya, takardar bogi ake nufi.