FASHIN BAƘI: Tseren motocin da ake tilasta wa zakara sayar da injinsa

A daren Asabar na lokacin zafi, ɗaruruwan ƙananan garuruwan Amurka kan cika da rugugin injina. Filayen tseren ba na kwalta ba ne. Laka ce da ake yayyafa wa ruwa a daddaɓe, a kewaye mai siffar ƙwai da tsawonsa bai cika wuce mita 400 zuwa 800 ba. Direbobin kuwa akasari manoma ne da makanikai da masu tuƙa manyan motoci, waɗanda ke haɗa motocinsu a garejin gida. Ladan wanda ya zo na ɗaya a gasar mako-mako sau da yawa 'yan ɗaruruwan daloli ne kawai.

Matsalar da ta daɗe tana addabar wannan wasa ita ce kuɗi na sayen gudu. Wanda ya iya biyan ƙwararren mai haɗa inji zai bar sauran a cikin ƙura, su kuma idan suka gaji da shan kaye sai su jingine motocinsu. Idan motoci suka ragu, 'yan kallo su ma sukan janye, daga nan mai fili ya rufe ƙofa. Don haka dokar inji a nan ba zancen ƙarfe kaɗai ba ne, ita ke yanke hukunci kan wanda zai iya shiga gasar.

Amsa mafi tsauri ta fito ne daga ƙungiyar IMCA, wadda aka kafa a 1915, mai hedikwata a garin Vinton na jihar Iowa. A 1979, ƙarƙashin jagorancin Keith Knaack, mawallafin wata jaridar tsere, ƙungiyar ta ƙirƙiro ajin motocin da ake kira Modified, tare da dokar da aka aro daga sukuwar dawaki. Da zarar an kammala babban tseren dare, direbobi huɗu na farko za su wuce kai tsaye zuwa wani keɓaɓɓen wuri. Direban da ya zo bayansu, in dai ya cika sharuɗɗa, yana da ikon ajiye ƙayyadadden kuɗi ya karɓi injin ɗaya daga cikinsu. A farkon lamarin kuɗin dala ɗari uku ne da 'yan kai. A daren ake kwance injin a miƙa masa, ban da wasu sassa irin su kabireta da kulochi da sitata. Wanda ya ƙi sayarwa zai rasa ladansa da makinsa, a ci shi tara, a kuma dakatar da shi.

Hikimar a fili take. Ƙungiyar ba ta buƙatar buɗe kowane inji ta auna cikinsa, domin ba mai hankalin da zai zuba dala dubu goma a abin da za a iya ƙwace masa da 'yan ɗaruruwa. Tsoron asara shi ne ɗan sandan. A Finland da Sweden ma akwai ajin tseren talakawa da ya ɗauki irin wannan hanya, sai dai can motar ce dungurungum ake sayarwa a ƙayyadadden farashi.

Amma dokar da ta dogara da mutum ya kai ƙarar maƙwabcinsa tana da nata rauni. Direbobin fili ɗaya sun san juna, suna ara wa juna kayan aiki, wasu ma surukai ne. Wanda ya karɓe injin wani ya sayi gaba, kuma yana iya ganin sakamako a kwanar farko ta mako mai zuwa. A wasu filayen sai aka wayi gari da yarjejeniyar da ba a rubuta ba, cewa kowa ya kame hannunsa, injina masu tsada kuma suka dawo ta bayan gida. A wasu wuraren akasin haka ya faru, dokar ta zama makamin ramuwar gayya. Shi kuwa mai hannu da shuni asarar inji ɗaya ba ta girgiza shi, tunda yana da wani a ajiye. An yi ta ɗaga kuɗin sayen har ya haura dala dubu a ajin Modified, amma bai taɓa kamo ainihin kuɗin haɗa inji mai cin gasa ba.

A 2002 kamfanin General Motors ya shigo da wata dabara: inji haɗaɗɗe daga masana'anta, wanda ake aiko shi cikin akwati, an ɗaure muhimman sassansa da kusoshi na musamman da ba sa kwantuwa sai an lalata su. 'Yan tsere na kiran biyu daga cikin nau'o'insa da lambobin 602 da 604. Dukansu masu lita 5.7 ne, na farko yana ba da ƙarfin doki kusan 350, na biyu kusan 400. Ana haɗa su da na'urar da ke taƙaita juyin inji, abin da ke sa su daɗe ba su buƙaci gyara ba. IMCA ta amince da 604 a ajin Modified a 2013, kuma injin da ke da hatimi ba ya cikin waɗanda ake iya saye bayan tsere.

Wannan ya sauƙaƙa wa sabon shiga, amma ya mayar da nauyin tsaro kan mai duba motoci, wanda a ƙaramin fili kan zama mutum ɗaya ko biyu da ke aikin a matsayin na wucin gadi. Ba a jima ba jabun kusoshi suka bayyana: a buɗe inji, a gyara cikinsa, a mayar da hatimin bogi. Ƙungiyoyi suka ƙara nasu hatiman, suka fitar da jerin garejojin da aka yarda su yi gyara, suka tsananta hukunci. Akwai kuma tambayar da ba a cika son yi ba: dokar da aka yi don kare ƙaramin direba ta miƙa kasuwar aji sukutum ga kamfani ɗaya, ta rage wa masu haɗa inji na ƙauye ciniki, kuma idan kamfanin ya ƙara farashi, kamar yadda ya yi a 'yan shekarun nan, direba ba shi da wurin gudu.

Motocin Sprint masu fukafukai sun bi hanya ta uku. A saman harkar, gasar World of Outlaws da aka fara a 1978 na amfani da injina masu girman inci 410, waɗanda kowane ɗaya ke cin dubban daloli masu yawa. A ƙasa kuma akwai ajin RaceSaver mai inci 305, wanda French Grimes ya assasa a jihar Virginia. A nan direba na iya haɗa injinsa da kansa, amma dole ya yi amfani da kan silinda iri ɗaya da kowa, sannan jami'i ya auna injin ya sa masa hatimi kafin ya shiga fili.

Duk da haka kuɗin bai bar wasan ba, wuri kawai ya sauya. Da aka daidaita injina, masu hali suka koma kan sabuwar ƙirar gangar mota duk shekara, da shakazoba masu tsada, da sabbin tayoyi kowane dare. Wasu ma sukan jiƙa tayoyi da sinadarai don su ƙara kama ƙasa, har ta kai manyan gasa na yankar samfurin roba suna aikawa ɗakin gwaji. IMCA ta riga ta tilasta amfani da taya iri ɗaya a ajin Modified, ta kuma faɗaɗa dokar saye ta haɗa da shakazoba.